Baƙo da Goran Umara

"Ni Baƙo! Wanda zai ci bashina ya yi barci ba a haife shi ba. Alƙali? Ni ne alƙalin dukiyata!"

Kirarin da Baƙo yake yi wa kansa ke nan kullum a kasuwar Haɗeja, yana shafa tumbi. Ga wani uban rawani da ba ya rabuwa da shi, sai ka ce an ɗora wa tulu gammo. Sana'arsa ba da gero bashi da damina, a biya shi in kifi ya samu.

To, wata shekara Umara, wani masunci daga wajen Baturiya, ya karɓi gero. Ruwa kuwa ya yi jinkirin janyewa daga fadama, lokacin biya ya wuce. Gogan naka bai yi wata-wata ba, ya faɗa gidan Umara ba ya nan, ya sungumo komarsa ta kamun kifi da ƙaton goran da yake hawa a ruwa.

Da Baƙo ya isa gida, matarsa Larai ta gan shi yana nishi, ta ce a hankali, "Maigida, to da me zai kamo kifin da zai biya ka?"

"Ke Larai, kifi ya san sunan Umara ne? Ni zan kamo abina da kaina!"

Ka ji fa! Mutumin da ko kwatami bai taɓa tsallakewa ba. Washegari ya tuɓe riga, ya bar rawani a ka don kada a raina shi, ya kife a kan gora. Gora ya ce bai san wannan tumbin ba. Ya juya dama, ya juya hagu, koma ta suɓuce ta yi gaba abinta. Ruwa ya kwashe su sai jikin wani kututture, ƙwas! Gora ya tarwatse.

"Wayyo! Jama'ar Annabi!"

Wa ke zaune a bakin gaɓa ba aikin yi? Umara. Ya faɗa ruwa ya jawo shi ta ƙafa kamar matacciyar tunkiya.

Kana tsammanin kunya ta kama Baƙo? Ina! Kunnuwansa ba su gama tsiyaye ruwa ba ya kai ƙarar Umara wajen alƙali.

Alƙali ya ce, "Umara, akwai bashi?"

"Akwai, Allah ya gafarta Malam."

"Baƙo, ka kawo mini maganar kafin ka shiga gidansa?"

"Ai, Allah ya gafarta Malam, na hutar da kai ne."

"Madalla. Shi ya ba ka kayan jingina?"

"Bai... bai hana ba. Ba ya nan."

"Ina goran?"

Baƙo ya laluba aljihu ya fito da 'yar sakaina. Zaure ya kwashe da dariya.

Alƙali ya ce, "Bashinka gaskiya ne. Amma mai bin bashi nan yake zuwa, a duba. In mutum yana da hali a sa ya biya, in ba shi da shi a jira shi. Ba a ƙwace wa mutum abin da yake ci da shi."

Aka ƙiyasta gora da koma da kifin da Umara ya rasa, aka cire kuɗin gero. Sai ga shi Baƙo ake bi!

Ya fara gumi. "Wallahi ba ni da su a hannu, duk suna wajen mutane. A yi mini haƙuri zuwa kaka."

Umara ya ce, "Na yarda, Baba Baƙo. Amma a bar mini jingina a gaban Malam."

"Me kake so?"

Umara ya ɗaga kai ya dubi rawanin.

Haka Baƙo ya warware shi, sanƙonsa na walƙiya a gaban jama'a. Umara ya naɗe rawanin a hammata ya ce, "Kwantar da hankalinka, Baba. Ni ba zan shiga ruwa da shi ba."