Yara Goma Sha Huɗu da Atamfa Mai Kifi

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na kai ƴan ajina ganin birnin Damagaram ba. Na yi ƙoƙarin mantawar, mutanen Matameye ne dai ba su ba ni haɗin kai ba.

Lokacin shekarata biyu ke nan da fara koyarwa a wata lakwal, wato makarantar boko, ta cikin gari. Yara tamanin da ɗoriya ne a ajina, ni kuwa ina ji da kaina, ina ganin duk fasalin da babu a duniya ni zan kawo shi. A Damagaram na yi karatun koyarwa, don haka nake gaya wa kowa na san birnin kamar yunwar cikina (gaskiyar magana, hanyar makaranta na sani, da ta tasha, da wurin wata mai ƙosai). Da hutun bazara ya matso sai na ce wa darekta zan ɗauki yara goma sha huɗu waɗanda suka fi maki in kai su su buɗe ido, mu tafi da safe mu dawo kafin magariba. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Allah ya taimaka, Mushe. Amma iyaye kai za ka bi su gida-gida." (Mushe ake ce wa malamin lakwal a wajenmu.)

Na bi su. Yawancin mazan suna ci-rani a Kano da Legas, don haka da iyaye mata da kakanni na yi ta fama. Kowa ya yarda ban da Hajiya Abu, kakar wata yarinya mai suna Barira. Uwar Barira ta rasu, uban yana gadi a Fatakwal, tsohuwar ce ke riƙonta. Sau biyu ina zuwa tana cewa a'a. A zuwa na uku na baje mata dabarata: zan yi wa yaran anko, atamfa iri ɗaya, ta yadda ko daga nesa na hango su na san nawa ne. Ta dube ni ta ce, "To Mushe, amana ce. In ubanta ya bugo waya, ni zai tambaya, ba kai ba." Na dafa ƙirji na ce ta kwantar da hankalinta.

Atamfar da na zaɓa kore ce mai zanen kifi ruwan ɗorawa. Mai kantin ya ce mini sabon yayi ce daga Kano, ko'ina ita ake yi. Ni a lokacin yabo na ɗauki wannan magana. Tela ya ɗinka wa maza riguna, mata riga da zani da ɗankwali, suka fito kamar ƴan gida ɗaya.

Kafin mu shiga motar Ilu direba na kafa musu doka. In sun ji usur su taru. In wani ya ɓace, duk inda ya ga masu kifi ya bi su. Sannan dokar aji tana nan, ba mai buɗe baki sai ya ɗaga yatsa na ba shi izini. Na ƙirga kawuna, goma sha huɗu, muka kama hanya ta Kance.

Na rubuta abubuwan da za mu gani a takarda, har da lokacin kowane. Muka fara da tsohuwar unguwar Birni, na nuna musu tsofaffin gidaje masu zane da manyan duwatsun da ke wurin, ina ta zuba tarihi (rabi na karanta, rabi a nan take na haɗa). Yaran suka saurara cikin ladabi irin na wanda ake yi wa allura. Abin da ya burge su daban ne. Fitilar kan hanya suka tsaya kallo sai da ta yi ja sau shida. Sai wani kanti mai bene da iska mai sanyi, inda suka yi ta hawa da sauka a matakala har mai gadi ya tambaye ni ko akwai abin da za mu saya. Muka ratsa babbar kasuwa, kowa ya sha ƙanƙarar lemo a leda, muka yi azahar. Duk inda muka tashi sai na ƙirga, duk ƙirgar goma sha huɗu. Har na fara tsara yadda zan ba darekta labari.

Wurin ƙarshe wani fili ne mai lilo da wurin sulɓi. A gefensa an kafa rumfuna ana biki, kiɗa na tashi. Na saki yaran, ni da Ilu muka zauna gindin bishiya wurin mai shayi. Na dai lura kamar masu kifi sun yi yawa a kan lilo, amma na ce rana ce ta taɓa mini ido.

Da la'asar ta yi na hura usur. Yara suka rugo. Na ƙirga, goma sha uku. Na waiga sai ga ta goma sha huɗun can a kan lilo, tana ta kai da kawo abinta kamar ba da ita ake ba. Na je na kama hannunta na ce, "Ke ba ki ji usur ba ne?" Ta dube ni ta fashe da kuka. Na ce a raina, ka ji halin birni, wuni guda yarinya ta ƙi garinsu. Na ɗaga ta cak na sa a mota, na sake ƙirgawa, lissafi ya cika, na ce wa Ilu mu tafi.

Ba mu yi nisa ba na waiwaya na ga yatsu goma sha uku a sama. Na ce duk mai jin fitsari ya riƙe sai mun fita gari. Yatsun ba su sauka ba. Wani yaro daga baya ya ce, "Mushe..." Na ce, "Wa ya ba ka izini?" Ya ci gaba da ɗaga yatsa. Har na ji daɗin yadda tarbiyyata ta kama su.

A shingen fita gari wani jandarma ya tsayar da mu, ya leƙo, ya ga yara cike da mota, ɗaya tana kuka. Na miƙa masa takardar izini da ta sunaye ina murmushi. Shi kuwa maimakon ya ƙirga, sai ya fara kiran suna ɗaya bayan ɗaya, yara suna amsawa. Da ya zo kan Barira sai aka yi tsit. Ya sake kira. Ya juya wurin mai kukan ya ce, "Ke, ya sunanki?"

"Falmata," in ji ta. "Mamata tana gidan biki."

Ya tambayi sauran ko sun san ta, suka ce a'a. Ya ce to me ya hana su faɗa. Suka amsa baki ɗaya, kamar ana karatun allo, "Ba a ba mu izini ba."

Ba tsoron jandarma na fara ji ba, Hajiya Abu na gani zaune a kan tabarmarta tana jiran ƙarar mota. Na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba, don ban san inda na bar yarinyar mutane ba, kuma ban san tun yaushe ba.

Ana cikin haka sai ga kabu-kabu huɗu a guje, kowane ɗauke da mace sanye da atamfa kore mai kifi. Ashe ankon bikin ke nan. Uwar Falmata ta sauko tun babur bai gama tsayawa ba, ta rungume ɗiyarta, sannan ta gaishe ni da jakar hannunta sau uku (jakar tana da ƙarfe a baki, har yau ina da shaida). Jandarman ya raba mu, ya ce a juya mota a koma inda aka yi musayar.

Kafin mu isa labari ya riga mu. Maroƙin bikin yana riƙe da makirho na ƙara murya, da ya hango ni sai ya ce, "Jama'a a kwantar da hankali, ba ɓarawo ba ne, malamin lakwal ne daga Matameye. Ya kawo tasa, ya ga tamu ta fi, ya canza." Mutane suka yi ta dariya, mai kalangu ma ya ɗan taɓa. Na durƙusa gaban dattawa na ba da haƙuri, yarana goma sha uku suna tsaye a bayana suna kallo. Na zaci iyakar kunyar ke nan.

Sai aka kai ni bayan rumfa, inda aka zaunar da yara ana ba su abinci. Ƴan mata sun kai ashirin a kan tabarma, duk da ɗankwali mai kifi, kowa da farantin shinkafa. Jandarman ya ce, "To Mushe, ɗauki taka."

Na duba daga wannan gefe zuwa wancan. Na sake dubawa. Na san rubutun Barira, ko cikin takardu ɗari zan fitar da nata. Na san makinta na lissafi, na san ita ce ta bakwai a jerin sunaye. Fuskarta ce ban sani ba. Yarinya ce mai shiru, tana zama can baya jikin bango, ba ta taɓa yin laifin da zai sa in ɗaga kai in dube ta ba. Mata suka zagaye ni suna jira. Da na ga babu mafita sai na yi gyaran murya na ce, "Barira."

Wadda ke zaune daidai gaban takalmina ta ɗaga yatsa, ɗaya hannun riƙe da cinyar kaza. Na ce ta yi magana. Ta ce, "Mushe, na je shan ruwa na dawo ban gan ku ba, sai na ga masu kifi na bi su, yadda ka ce." Wata tsohuwa a gefe ta tafa hannu ta ce, "Oh ni, bai ma san ta ba." Ba ta ɗaga murya ba, amma kowa ya ji.

Mun shigo Matameye ana kiran magariba. Na raka Barira har gida da niyyar in faɗi labarin da kaina, in ɗan rage masa gishiri. Ban samu dama ba, don tun daga zaure yarinyar da ban taɓa jin muryarta a aji ba ta zayyane komai, har da maganar maroƙi da yawan bugun jaka. Hajiya Abu ta jawo ta jikinta, tana shafa kanta har aka gama. Na shirya wa zagi, na ma so a zage ni in huta.

Ta ce, "Mantuwa ta kowa ce, Mushe, ni ma na taɓa barin ubanta a kasuwar Kurni. Amma da na koma ban tambayi kowa wane ne nawa ba."

Na ce haka ne, Hajiya. Na nemi takalmina na fita.

Tun daga ranar, in ina kiran suna da safe sai na ɗaga kai na dubi mai amsawa ido cikin ido kafin in wuce na gaba. Da yara tamanin abin yana cin rabin awa, darekta ya yi ƙorafi har ya gaji. Darasin dai na biya shi da tsada, ga shi kyauta ga mai so: awaki ake ƙirgawa, su ma mai su da fuska yake gane nasa.