Rasuwar Na'urar Esfireso ta Gidan Injiniya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ido da ya yi ja don kuka, Injiniya yana sanar da 'yan uwa da maƙwabta da tsofaffin abokan aiki rasuwar na'urarsa ta dafa gahawar esfireso, wadda ta cika da safiyar Talata a kan kantar kicin, kusa da taga, bayan doguwar jinya.

Marigayiya ta shigo gidan ne a watan da Injiniya ya yi ritaya, lokacin da ya rasa ma'aikatan da zai riƙa yi wa tsawa. An kwashe tukwanen uwargida daga kan kantar aka sauke su ƙasa domin baƙuwa ta samu wurin shan iska. Fara ce sol, ƙarfenta na ƙyalli har mutum ya ga fuskarsa a jiki, abin da Injiniya ya fi so ke nan a tare da ita. Ba ta taɓa mayar masa da magana ba. Iyakarta da sassafe ta yi gyaran murya, "grrrr", ta ja numfashi, "fssss", sannan ta tsiyayo abin da Allah ya hore.

Wanda bai san Injiniya ba zai ɗauka mashayin gahawa ne. Ina! Likita ya hana shi ko kurɓa ɗaya saboda hawan jini. Shi dai aikin yake so: ya auna ƙwayar a sikeli, ya niƙa, ya zuba garin a ludayin rariya, ya danne da madannin ƙarfe, ya tsaya yana kallon ɗigon kamar mai duba aikin gada. Ɗanɗanawa kuwa aikin uwargida ne. Kowace safiya, kafin ta sa komai a ciki, don kada abinci ya ɓata mata harshe, sai ya miƙa mata finjali ya harɗe hannu yana jiran rahoto.

Cutar ajali ta fara ne ranar da uwargida ta kurɓa, ta yamutsa fuska, ta ce tana jin tsami. Injiniya ya san karatunsa: tsami na nufin ruwa ya ratsa garin da sauri bai tatso shi ba, maganinsa a ƙara wa niƙa laushi. Ya murɗa injin niƙa. Washegari ta ce tsami. Ya ƙara murɗawa, ya ƙara zafin ruwa. Ta ce tsami, ta kuma ce ƙirjinta na yi mata zafi, ko za a ɗaga mata ƙafa kwana biyu. Ya tunatar da ita cewa bincike ba ya son yankewa, kuma mai haƙuri shi kan dafa dutse. Ya canja ƙwaya, ya canja ruwa, ya zargi wutar lantarki, ya zargi kamfanin da ya ƙera na'urar da iyayen kamfanin. Wata safiyar finjali uku ta sha a jere, tana dafe da kanta.

Garin gahawa ya koma kamar hoda. Gahawar da a da take zubowa kamar zuma ta koma ɗigo-ɗigo, baƙa ƙirin, mai kauri kamar kwalta, warin ƙuna har tsakar gida. Jariri ma ya shinshina zai ce ɗaci ne. Amma uwargida ta ce tsami, kuma ba ƙarya take yi ba, baiwar Allah. Gyambon ciki ne ke turo mata ruwan tsami har maƙogwaro, ko zuma aka ba ta abin da za ta ji ke nan. Injiniya ya yi ta yi wa na'ura maganin ciwon da ke cikin matarsa.

Ranar Talata ya ɗora dukkan nauyinsa a kan madanni, ya kunna. Marigayiya ta yi nishi, "mmmm", ko ɗigo bai fito ba. Ta yi "ƙas", hayaƙi ya tashi, famfonta ya ƙone. A daidai lokacin uwargida ta durƙushe bakin wurin wanke-wanke tana aman jini. Injiniya, cikin tashin hankali, ya ruga ya kira mai gyara. Maƙwabciya ce ta ji kakari ta katanga ta kira yayan uwargida, shi ya ɗauke ta zuwa asibiti.

Da yayan ya dawo da bayanin likita, Injiniya ya daɗe yana kallon gawar. Kowa ya zaci nadama ce ta zo. Sai ya ɗago ya ce, "Wato duk tsawon lokacin nan rahoton ƙarya matar nan take ba ni. Ita ta kashe min na'urata."

Marigayiya ta rasu ta bar injin niƙa, wanda shi ma haƙoransa sun cinye, da sikeli, da madanni, da finjalai shida, da rabin buhun ƙwayar gahawa. Sai kuma uwargida, wadda ba za ta samu halartar jana'iza ba saboda ƙarin jini da ake yi mata.

Za a ɗauki gawar ranar Alhamis da ƙarfe huɗu na yamma zuwa rumfar mai sayen tsofaffin ƙarafa. Lokacin ya zo daidai da na ziyarar marasa lafiya, don haka Injiniya yana ba asibiti haƙuri, ba zai iya raba kansa biyu ba. Uwargida ta aiko cewa kada ya damu, in an sallame ta gidan yayanta za ta wuce, kuma ta ce a haɗa mata tukwanenta.

Za a karɓi gaisuwa a falon gida, inda sabuwar na'ura, magajiyar marigayiya, za ta iso ranar Asabar. Ana roƙon masu zuwa ta'aziyya su zo da sassafe, kuma kada kowa ya karya kumallo.