Ɗan Makarantarmu a Hanyar Burkullu

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na fafari wani bawan Allah da mota har cikin kasuwar Nasarawar Burkullu ba, don kawai ina so mu gaisa. Har yau in abin ya faɗo mini ina cin abinci, sai na ajiye cokali na ɗan yi tagumi.

Lokacin an tura ni koyarwa wata sakandare a Bukkuyum. Iyalina suna Zariya, don maiɗakina ta ce ita da yara ba inda za su sai hanya ta yi kyau (ban ga laifinta ba, lokacin ne 'yan bindiga suka fara tare hanyoyin yankin). In an tashi daga makaranta sai in dawo in rufe ƙofa, in dafa taliya, in kunna rediyo. Ranar Asabar kuwa sai in yini ban yi magana da kowa ba, in ban da musabaha bayan salla. Da na buɗe baki a kasuwa sai a yi murmushi a ce ga Bakano, ni da Kano wucewa kawai nake yi ta cikinta. Kaɗaici ya ci ni ƙwarai, ba zan ɓoye muku ba. Amma a raina na riga na yanke hukunci cewa matsalar ita ce babu irina a garin, wanda za mu zauna mu tuna lakca da layin ɗiban ruwa a ɗakin kwanan ɗalibai. Kun dai ji girman kai.

Ana haka sai ƙungiyar tsofaffin ɗaliban jami'armu ta sanar a guruf ɗinmu na waya cewa ta samu izinin buga lambar mota ta musamman, mai ɗauke da tambarin makaranta a gefe. Wani abu daga cikin kuɗin za a sa shi a gyaran ɗakunan kwanan ɗalibai. Na rubuta musu cewa ni kishin makaranta ne ya sa zan karɓa. Ƙarya nake, wallahi. So nake wata rana wani ya hango tambarin, ya taka burki, ya ce ashe kai ma can ka yi?

Lamba ta iso, na ɗaura wa akwalar motata. Kullum da safe sai na goge ta da tsumma, sauran jikin motar kuwa ko oho. Na riƙa zuwa Gummi ba tare da wani dalili ba, in faka inda za a fi ganin bayan motar, in sayi rake in tsaya ina sha ina satar kallon masu wucewa. Babu wanda ya taɓa tankawa. A Anka ne ma wasu masu sayen zinari suka tattara kayansu da suka ga na tsaya, sun ga tambarin sun ɗauka daga ma'aikatar gwamnati aka turo ni.

To, ran nan da hantsi na fito daga Bukkuyum, sai wata farar mota ta gifta ta gabana. Ina kai ido bayanta, sai ga tambarinmu. Kai, zuciyata har wani tsalle ta yi! Na danna ham, na bi ta. Mai motar ya ƙara wuta, na ce ƙila bai ji ba ne, ni ma na ƙara. Na kunna masa fitila ina kashewa, na zuro hannu ta taga ina yi masa alamar ya sauka gefe. Ya saki kwalta ya faɗa hanyar birji, na faɗa. (Eh, na sani. A irin wannan hanya, a irin wannan lokaci, kowa ya san su wa ke cewa a sauka gefe. Ni kaɗai ne ban tuna ba.) Duk gargadar da muke sha, ni lissafin da nake yi shi ne wace shekara ya gama, kuma ko zai yarda ya zo mu ci tuwo ranar Juma'a.

Bai tsaya ba sai tsakiyar kasuwa, kusa da masu awon hatsi. Kafin in kashe mota ya ɓalle ƙofa ya fito ba takalmi, dattijo ne mai furfura, yana salati yana nuna ni. Mata biyu a bayan motar suna kuka. Ni kuwa da yake Allah ya rufe mini ido, sai na fito da fara'ata, na ware hannuwa, na ɗaga murya na rangaɗa kirarin makarantarmu, wanda in ka faɗi rabi ɗan'uwanka ke ƙarasa maka. Babu wanda ya ƙarasa.

Sai ji na yi an riƙe mini hannuwa ta baya. 'Yan banga ne, da sandunansu da bindigar toka. Aka bincike motar kaf, abin da aka samu littattafan ɗalibai ne da ragowar rake. Dattijon, da numfashinsa ya dawo, ya bayyana cewa shi ɗan kasuwar hatsi ne, motar kuma a Gusau ya saye ta hannun dillali da lambarta a jiki, ya ɗauka zanen ado ne. Shugaban 'yan bangar ya dube ni sama da ƙasa.

"To kai mi kaka biɗa gare shi?"

Na nemi ƙaryar da zan yi na rasa. A gaban masu awo, da masu tallan fura, da yara, ni malamin makaranta mai digiri na buɗe baki na ce, "Hira kawai nake so mu yi. Ba ni da kowa a nan."

Da sun yi dariya ma da na fi jin sauƙi. Ba su yi ba, sai wata tsohuwa ta ce Allah sarki. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da gudu zan shige.

Shugaban ya ce duk da haka sai an samu wanda ya san ni, in ba haka ba sai ofishin 'yan sanda. Na fara laluben waya, sai wani siririn mutum ya ratso taron da ƙunshin yadi a hammata.

"Ku sake shi, maƙwabcina na. Shi ka koya ma ɗiyanmu."

Ya faɗi sunana da na mahaifina, ya ce mutumin Zariya ne, 'ya'yansa uku, ba ya faɗa da kowa, magana ce dai ba ya yi. Na ƙura masa ido. Telan da shagonsa ke manne da katangar gidana ne, wanda kullum nake ɗaga wa hannu daga cikin mota gilas a rufe. Aka sake ni, na durƙusa na ba dattijo da iyalinsa haƙuri. Na juyo in yi wa tela godiya, sai na tarar ban san sunansa ba.

Ni na rage masa hanya zuwa gida. Ina ta kiransa "maigida" da "ranka ya daɗe", yana amsawa yana kallon gonaki. Sai da muka hango gari na daure na tambaye shi sunansa. Ya ɗan juyo ya ce, "Sai yau, Malam?" Sannan ya faɗa mini, ya sauka ƙofar shagonsa, ya yi mini sai an jima.

Da yamma na ba 'yan guruf labari, aka turo mini fuskokin dariya rututu, aka ci gaba da musun ƙwallo. Na zauna ni kaɗai a ɗaki ina jin ƙarar keken ɗinki ta bayan bango, kunya ta hana ni fita.

Abin da na koya dai shi ne, in kaɗaici ya ishe ka har ka fara bin motar mutane a guje, to ka fara tsayawa ka tambayi sunan wanda kuke raba katanga da shi. Ya fi sauƙin kuɗin mai, kuma ba a riƙe maka hannu ta baya.