Farin Garin da Na Zuba a Kunun Arba'in

Ba zan taɓa mantawa da ranar sadakar arba'in ɗin maigidana Malam ba. Na roƙi Allah Ya mantar da ni, bai nufa ba. Fuskar mahaifiyata ma sai na yi da gaske nake tuno ta, amma wannan rana tana nan daram. (Maƙwabciyata Malama Hajara ce ke rubutawa, ni ko alif ban sani ba. Na ce mata ta sa yadda na faɗa, kada ta rufa mini asiri.)

Mu mutanen Randagi ne. A gona 'yan bindiga suka sami maigidana, a gindin tsamiyar da ke bakin kunyoyinsa. Bayan an rufe shi na shigo Birnin Gwari da ƙullin kayana, wani bawan Allah ya ba ni ɗaki a gidan haya, na shiga takaba. Matan gidan ne suka riƙe ni. Wannan ta miƙo tuwo, waccan ta miƙo gishiri a ƙullin leda. Ni da a tsakar gidana ake auna wa mutane dawa, na koma kullum hannuna a buɗe, bakina yana "Allah Ya saka".

Ɗa namiji ɗaya ya rage mini, Ɗanlami. Direba ne a wani kamfani a Kaduna, masu haɗa ƙwayoyin ƙarin kuzari da ake sayarwa a kwalba. Aikin nan shi nake gode wa Allah a kansa safe da yamma, domin shi ya raba yaron da gona. Muddin yana riƙe da makullin mota, daji ba zai gan shi ba.

Wata rana ya ɗauko kaya daga Legas, motar ta mutu a tasharmu. Aka juye kayan a wata mota, ganga ɗaya ta rasa wuri, ya mirgino ta ɗakina. Ganga ce ta kwali mai kauri, murfinta da zoben ƙarfe, an ɗaure bakin zoben da 'yar waya.

"Inna, ga amana. Kada ki bari ruwa ya taɓa ta. Jibi zan dawo in ɗauka."

"Mene ne a ciki?"

"Ni ma ɗauka kawai nake yi, Inna."

Jibin nan ba ta zo ba. Aka tare hanyar Kaduna, motoci suka daina bi sai da rakiyar soja, rakiyar ma ba kullum ba. Ga damina ta yi tsakiya. Wata la'asar aka tsuge da ruwa, ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa, kafin in ankara gindin gangar ya jiƙe ya yi laushi kamar burodi a shayi. Na tuna ya ce kada ruwa ya taɓa. Sai na ɗauko wuƙa na yanke wayar, na buɗe. A ciki akwai leda biyu, ɗaya cikin ɗaya, an ɗaure su tamau. (Ledar nan ko a kogi aka jefa ta ruwa ba zai shiga ba. Amma wayona ya ce mini abu mai daraja ba ya zama a leda.) Na farke ta, na juye abin a randar da na wanke na goge. Har da hamdala na yi, wai na ceci amanar ɗana.

Wani farin gari ne mai sheƙi, kamar sukari da aka daka. Talatu mai awara ta leƙo neman garwashi, ta gani, ta dangwala da yatsa ta lasa.

"Lalala! Inna, ashe ke hajiya ce ba mu sani ba? Ai gishirin lalle ne! Da shi nake kama awarata. Randa guda!"

Na lasa ni ma. Tsami-tsami, mai daɗi. Talatu ta shekara tana awara, wa zan tambaya da ya fi ta? Abin da ya ƙara ruɗa ni kuma, a daminar nan gishirina ya zama ruwa a gwangwani, ashana ta ƙi kamawa, tabarma ta yi funfuna, amma garin nan yana nan a bushe, ko dunƙulewa bai yi ba. Na ce lallai akwai albarka a cikinsa.

Malam mutum ne mai son kunun tsamiya. Duk shekara shi yake kaɗo mini ita daga bishiyar nan tasa. A shekarar nan babu mai shiga daji, ta kasuwa ta yi baƙi ta yi tsada, ni kuma ina takaba, ba fita. Na ce ludayi ɗaya daga randa guda, wa zai gane? Na dama kunu da shi. Tsaminsa bai kai ba, na ƙara. Na sake ƙarawa. Ya yi daɗi har na yi kuka.

Daga nan sai hannuna ya tuna halinsa na da. Talatu ta zo, na cika mata kofi. Saratu mai zoɓo, 'yar Gbagyi da ke ɗakin ƙarshe, na cika mata. Matar mai gida ta aiko, na cika. Aka fara ce mini "Allah Ya saka, Inna". Wallahi na daɗe ban ji daɗin magana kamar wannan ba. Ba yunwa ce ta sa ni ba, ina so ne a gode mini ko sau ɗaya.

Ba a jima ba na fara jin wari. Warin kifi, irin busasshen da ya kwana a buhu. Na share ɗaki, na duba ƙarƙashin tabarma, na zargi ɓera. Ashe ni ce. Zufata ce. Na yi wanka da sabulun salo har fatata ta yi fari, a banza. Mai takaba kuma ba ta shafa turare. Masu zuwa gaisuwa sai su zauna nesa, su ja mayafi kan hanci kamar kuka suke yi. Na ji da kunnena wata tana cewa a zaure, "Tsohuwar nan tana ɓoye kifi tana ci ita kaɗai, mu kuwa muna kai mata tuwo." Kyanwar gidan ma ta dawo kwana a ƙofata. Cikina yana murɗawa, na ce baƙin ciki ne.

Ranar arba'in mata suka haɗa mini gero. (Na san wasu sun ce bidi'a ce. Ni haka na ga iyayena sun yi, kuma ba ni da wani abin da zan yi wa Malam.) Na dama kunu a babbar tukunya, na zuba garin nan ba ƙyashi, don kada a ce matar Malam ta yi rowar tsami. Maza suka zauna a ƙofar gida, 'yan garinmu da gudu ya watsa, liman a tsakiya. Aka sha, aka ƙara. Liman ya ce rabonsa da kunu irin wannan tun Randagi tana Randagi.

Kafin azahar ta yi, liman ya nemi buta. Ya dawo, ya ɗaga hannu za a shafa addu'a, ya sake neman buta. Bayan gida ɗaya ne a gidan. Dattawan Randagi, masu gemu fari, suka yi layi a tsakar gidan mata, kowa ya dafe ciki yana kallon sama.

Ana cikin haka Ɗanlami ya yi sallama. An sami rakiya, ya zo addu'ar ubansa, tare da wani mutum mai tabarau, mai kula da siton kamfaninsu, wanda ya biyo shi ɗaukar ganga. Gangar kuwa ga ta nan a bakin murhu, na kife ta, Talatu na zaune a kai tana kwasar kunu.

Ɗanlami ya tsaya. "Inna, ina abin da ke ciki?"

Na miƙe da fara'ata, a gaban kowa. "Kwantar da hankalinka, na cece shi. Yana randa. Gishirin lalle ne, ɗan kaɗan muka taɓa."

Na buɗe faifan da ke bakin randar. Ya wuce rabi da sauka, ludayina a tsaye a ciki.

Ɗanlami ya cire hularsa ya tsuguna. Mai tabarau ya dubi randa, ya dubi layin dattawa, ya shaƙi iskar da ke fitowa daga jikina, ya ce, "Mama, sha kuka yi?"

"A kunu."

"Innalillahi."

Mutumin kirki ne, sai da ya yi mini ta'aziyya tukuna. Ya ce sunan abin karnitin. Daga ƙasar waje ake kawo shi, an sarrafa shi ne musamman don kada ya ja danshi, ya daɗe a sito, injin ya ɗura shi a ƙwaya ba tare da ya manne ba. Abin da ake sa wa ƙwaya ɗaya bai fi a ɗauka da yatsu biyu ba. Idan aka zarce, sai gudawa da warin kifi, amma in an daina zai wuce, kowa ya sha ruwa da yawa, wanda abin ya tsananta ya je asibiti.

Liman, yana riƙe da buta, ya ce, "To su wa ke shan sa, ɗan nan?"

"Masu motsa jiki, Malam. Da masu son rage ƙiba."

Na dube mu. Mutanen da suka gudo daga gonakinsu, wuyan kowa kamar kara, na tara su na ba su abin rage ƙiba da sunan sadaka. Talatu ta sulale daga kan ganga ta shige ɗakinta.

Na durƙusa na ce, "Ɗana, ku ɗauki sauran, ai da yawa. Ban sa hannu ba, da ludayi nake ɗiba."

Ya ce, "Mama, ko ƙwaya ɗaya ba ki ɗiba ba, tun da kika yanke wayar nan garin ya tashi daga aiki. Abin da mutane za su haɗiya ne."

Suka koma Kaduna da gangar wofi. Ɗanlami ya dawo ba makullin mota. Bai taɓa ɗaga mini murya a kan maganar ba, da ya yi da na fi samun sauƙi. Ya nemi tuƙi a tasha, motoci sun yi kaɗan, direbobi sun yi yawa. Da damina ta zagayo, ya ari babur ya ɗaura garma a baya.

"Ina za ka?"

"Gonar Baba, Inna. Za mu ci ƙasa ne?"

Yanzu a can yake yini, a bakin tsamiyar nan. Ni kuma daga la'asar ina bakin ƙofa, duk ƙarar babur sai na miƙe.

Abin da na koya, a tsufana: in aka ba ni ajiya aka ce kada ruwa ya taɓa, zan bar ruwan ya yi abin da zai yi, don ya fi ni tausayi. Randar tana nan a ƙuryar ɗaki, na kasa zubarwa. Jiya na ɗaga faifan na duba. Gonarmu ta zama wurin tsoro, haƙorana sun zube, rufin ɗaki yana yoyo, amma garin nan fari tas, a bushe, kamar ranar da na farke ledarsa. Gaskiyar mai tabarau, ba ya lalacewa. A duk abin da ya shigo hannuna, shi kaɗai ne.