Tafarnuwa a Sahun Farko

Ba zan taɓa mantawa ba, duk da na yi iya ƙoƙarina, da ranar da na fara zuwa gaida mahaifin Hafsatu a Indabo. Hafsatu ita ce yarinyar da nake nema, mahaifinta kuma shi ne limamin unguwarsu, dattijo mai ƙarancin magana da aka ce kallo ɗaya yake yi wa saurayi ya yanke hukunci. Wannan kallon nake tsoro.

A lokacin mura ta shigo makarantar da nake koyarwa a Wudil tana kayar da malamai ɗaya bayan ɗaya. Na rantse ba zan durƙusa gaban surukin gobe ina jan majina ba. Sai na shiga waya neman abin da ke ƙara garkuwar jiki. An ambaci zogale, wake, kifi, gwanda, lemo da isasshen barci. Duk na tsallake su (waɗannan a hankali suke aiki, ni kuwa sauri nake), idona ya tsaya kan tafarnuwa.

Ranar Juma'a na shiga kasuwa na sayo kwano guda, har mai sayarwa ya tambaya ko gidan abinci zan buɗe. Na tauna ɗanya da safe, na jefa a shayi, na jefa a koko, har fura ba ta tsira ba. Wani kuma ya rubuta cewa idan an sa ta a ka tana hana ciwon kai, don haka ranar tafiya na cusa 'yan ƙwayoyi cikin hulata.

Kafin mu hau babur na hura wa abokina Sani iska a fuska, na ce ko ya ji wani abu. Ya ce wallahi ko kaɗan. (Sai daga baya na tuna Sani yana cikin waɗanda murar ta kayar, hancinsa a toshe yake.) Na feshe jikina da turare, na goya shi, muka kama hanya yana ta atishawa a ƙeyata.

Mun isa ana kiran La'asar, muka wuce masallaci. Da yake baƙi ne mu, aka karrama mu da sahun farko, daidai bayan liman. Aka tayar da iƙama. Na ga na damana ya ja gefe, na haguna ma ya ja gefe, aka bar mini fili kamar na ajiye babur. Ni a zatona girmamawa ce, har na ji daɗi.

Malam Liman ya juyo gyaran sahu, ya ga giɓin, ya matso zai yi magana, sai ya tsaya cak. Ya ja baya, ya ce cikin natsuwa, "Jama'a, wanda ya ci ɗanyar tafarnuwa ya taimaka ya fita, ya yi sallarsa a waje."

Maimakon in fita da mutuncina, sai ni ma na waiwaya ina ɓata rai, ina girgiza kai, wai ina neman mai laifi. Girgiza kan ce ta kashe ni. Hulata ta karkace, ƙwayar tafarnuwa ta faɗo, ta gangara kan tabarma a hankali, ba ta tsaya ko'ina ba sai a ɗan yatsan liman. Wata ta biyo ta.

A gindin darbejiya na yi La'asar ni kaɗai. Akuyar da ke ɗaure a wurin ta ja igiyarta iya tsawonta ta juya mini baya.

Bayan sallah aka shimfiɗa mana tabarma a fili, ba a zaure ba, Malam ya zauna ta inda iska ke tasowa. Muka gaisa daga nesa. Ya tambaye ni dalili, na yi ta kame-kame kan garkuwar jiki. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "To, garkuwar ta yi, malam. Mutum ma bai iya matso ka ba, balle cuta."

Na dawo Wudil da tabbacin na rasa Hafsatu. Washegari na tashi da murar Sani, irin mai haɗawa da hawaye.

Amma aka ba ni ita. Hafsatu ta ce mahaifiyarta ce ta sa baki, wai wanda zai yi wa kansa haka bai kamata a bar shi yana ciyar da kansa ba. Cikin gara aka haɗo da ƙullin tafarnuwa, da saƙon cewa ta miya ce.

Yanzu dambun zogale nake ci, da wake, da kifin kogi, in sha lemo, in kwanta da wuri, kuma mura ba ta cika kayar da ni ba. Na gane jiki kullum ake ba shi haƙƙinsa, kaɗan-kaɗan, ba a yi masa ɗura ranar da aka matsu. Sai dai har yau idan na je Indabo, Malam zai tambayi gida, ya tambayi aiki, ya tambayi yara, sannan ya ɗan ja baya ya ce, "Yaya garkuwa?"