Yadda Na Kusa Yaye Ɗana Kafin Suna

Ba zan taɓa mantawa da ranar sunan ɗana na fari ba, ko da kuwa na so.

Ni makanike ne a Mantiƙa Sinaiya, unguwar masana'antu da gareji, amma a lokacin ji nake ni rabin likita ne. Dalili? Na taɓa shan shayin maramiyya, wani ganye mai ƙamshi, kumburin cikina ya sauka. Shi ke nan fa! Mai tari, maramiyya. Mai ciwon haƙori, maramiyya. (Da mota na da baki, da na ɗura mata.)

Da matata Batul ta haihu, nononta bai kawo sosai ba. Na haye rakasha, babur mai ƙafa uku, sai kasuwar Umdurman, na sayo ganyen ƙulli guda. Ban tambayi mai shagon komai ba, ina likita zai tambayi ɗan kasuwa? Safe da yamma nake dafa mata, in tsaya a kanta sai ta shanye.

Nono ya ƙara ɗaukewa. Yaro kuka, Batul kuka, hankalina ya tashi, na ƙara yawan ganye. Surukata Hajiya ta ce kambun baka ne, har ta daina amsa gaisuwar maƙwabciyarmu da ta yaba ƙibar jaririn.

Ranar suna mata sun cika gidanmu na Kalakla, ana ta jajanta maganar nono. Na tsaya bakin ƙofa, na gyara rawani.

"Ku gode wa Allah," na ce, "ba don maramiyyar da nake ba ta kullum ba, da abin ya fi haka."

Hajiya ba ta dube ni ba, surukuta ta hana. 'Yarta ta duba.

"Batul, tambayar min mijinki, yaron da ko suna bai samu ba, ina yake sauri da zai yaye shi?"

Ashe ganyen masu yaye ne, shi ake sha nono ya ƙafe! Maƙwabciyar nan ta fi kowa dariya, kuma wallahi ta cancanta. Ni kuwa gumi har cikin takalmi.

Kunun hulba ya dawo da nono, alhamdulillahi. Yanzu ko ciwon kai ka kawo min, "Allah ya sawwaƙe" kawai za ka samu. Sai dai har yau, duk matar da za ta yaye ɗa a layinmu, aikowa take a gaida likita, a ji ko da sauran ganye.