Rasuwar Sina, Farar Motar Gidan Uelese

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ido a kumbure, ni Fuatino, matar marigayi Uelese, nake sanar da dangi da maƙwabta da matan coci, har da waɗanda ba ma ga-maciji da su, rasuwar motarmu Sina. Ta cika ranar Talata da hantsi a ƙofar gida, bayan doguwar jinya.

Marigayiyar haifaffiyar Japan ce. Ta yi zamanta na fari a hannun wani da ba mu sani ba, sannan ta hayo teku ta sauka Apia, babban birninmu, shekarar da gwamnati ta ce kowa ya koma tuƙi ta hannun hagu. Ranar da muka je saye, ni wata ja na ƙyalla, mai sheƙi kamar an shafe ta da man kwakwa. Uelese ko kallonta bai yi ba. Da kayan cocinsa ya riƙa kwanciya ƙarƙashin motoci yana ƙwanƙwasa cikinsu da makulli, tsatsa yake nema, dillali na tsaye yana ta zuba. Ya ce mota kamar kwakwa ce, sai an ji ƙararta ake saye. Ni kuwa na zauna wurin mai sayar da gwaza a bakin ƙofa. Kafin ya gama na san jar nan ta kwana cikin ambaliya, na kuma san wadda ke kawo wa dillalin abinci, kuma ba matarsa ba ce. Muka ɗauki wata fara, ita ce Sina. Jar, Sootaga maƙwabciyata ta saya. Kajinta na nan suna ƙwai a ciki, mai shakka ya je ya gani.

Sina ba ta taɓa kunyata mu ba. Ta kai masu naƙuda asibiti, ta kai gasasshen alade gidan biki, ta kwashi matan ƙungiyar waƙa har da matar fasto, kun dai san jikin matar fasto. Abin da aka faɗa a cikinta bai taɓa fita ta bakinta ba. In ya fita, ta nawa ne.

Duk wanda ya shige ta ya san muryarta. Da an murɗa makulli sai ta yi "kilin-kilin", wata mata ta yi magana da harshen mutanen Japan. Uelese ya yanke cewa gaisuwa ce, kullum sai ya amsa, "Lafiya lau, 'yar mutanen kirki." Jikata ta ce wai cewa take ba a sa katin biyan kuɗin hanya ba. Ni ban tambaye ta ba.

Da Uelese ya rasu, muka binne shi a ƙofar gida kamar yadda kowa ke yi a nan ƙasarmu, na koyi tuƙi da furfurata. Kujerarsa tana inda ya bar ta, matashi biyu nake sawa a bayana don ƙafata ta kai. Na fitar da Sina daga rumfar bayan gida na ajiye ta gefen kabarinsa, inda iskar teku ke kaɗawa, don ya riƙa jin gaisuwar safe. Ni nake amsawa a madadinsa.

Kitiona bakanike ya ce gishirin iskar ne ya cinye ta, wai da a rumfa take da tana nan garau. A gidana ya faɗa, yana shan shayina. Ciwon ya fara daga ƙafa ya hau ciki, har ana hango titi ta ƙarƙashin kujera. Ranar Talata ƙasanta ya zube. Na murɗa makulli, inji bai motsa ba, amma ta gaishe ni.

Ta rasu ta bar ni, da tayar safaya, da mata da yawa da yanzu sai dai su yi gulmarsu a bas a gaban kowa. 'Yata da ke Auckland, can ƙetare, ta ce za ta turo wata, har ta gama magana da masu sayen tsohon ƙarfe su kwashe gawar. Na ce to, wa zai kwanta ƙarƙashin sabuwar ya ƙwanƙwasa?

Za a yi jana'iza ranar Asabar da safe. Masu ƙarfe su ɗauki gangar jiki, na yafe. Amma kafin su taɓa ta, Kitiona zai kwance kujerar direba da ɗan akwatin muryar, ya haɗa masa batir, a ajiye su gefen kabari ƙarƙashin rufi. Kada a wahala da kawo tabarmin girmamawa da ake kaiwa gidan makoki, gwaza da kifin gwangwani sun isa. Sootaga na iya zuwa. Kujerar ba ta baƙi ba ce, ko da matar fasto ce. Wanda kuma ya yi sammako ya ji "kilin-kilin", don Allah kada ya amsa. Akwai mai amsawa.